Ɗana ya kusa shekara 4 bai iya magana ba, malamarsa kuma sai hotunan Halowin take aiko mana

Assalamu alaikum Anti. Muna zaune a Kolombus, jihar Ohayo a Amurka, ni da maigida da yaranmu biyu. Babban, wanda shi ne ɗan farina, shekararsa 3 da wata 8, amma har yanzu maganarsa ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu ba, sauran sai nuni da yatsa da jan zane. Makaranta ta gwada shi, aka haɗa shi da malamar gyaran magana, minti 30 sau biyu a mako. Tun da Oktoba ta kama take aiko mana aikin gida, duk hotunan kabewa mai ido da baki, da fatalwa, da mayya a kan tsintsiya. Ta ce wata mai kamawa kuma talotalo ne na bikin godiyarsu. Mu ba ma yin Halowin, bikin nan nasu na 31 ga Oktoba, raina bai kwanta ba, sai na tara takardun a durowa. Maigida ya ce mu daina yi masa Hausa, wai harshe biyu ne ya rikita shi. Surukata a Zariya ta ce linzami ne, kuma ai babansa ma bai yi baki da wuri ba. Ni kuma gaskiya nauyi nake ji in zauna ina wasa da shi, kin san sha'anin ɗan fari. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki yaran nan, ya buɗe bakin babban.

Ki fara da buɗe durowar nan. Ki fito da takardun, ki kawar da ido daga hoton, ki duba abin da malamar ta rubuta a sama ko a gefe. Za ki tarar wata takardar don ya bambance "ciki" da "kan" da "ƙarƙashi" aka yi ta, wata don babba da ƙarami, wata don kalmarsa biyu ta koma uku. Hoton ƙwarya ce, furar tana cikin wancan ɗan rubutun, kuma fura ba ta lalacewa don an sauya mata ƙwarya. Dalilin da ya sa masu wannan aiki suke bin yanayin shekara shi ne, yaron da magana ta yi wa nauyi yana bukatar ya ji kalma sau da yawa fiye da tsaransa, a wurare daban-daban, kafin ta zauna masa. A Oktoba kuwa kabewa tana bakin ƙofar kowa a unguwarku, tana kanti, tana aji. Duk inda ya juya ana maimaita masa darasin kyauta.

Rashin kwanciyar ranki kuma na fahimce shi. A wurinsu mayya zanen dariya ce ta yara, a wurinmu kalma ce da ta sha raba zumunci, ta kori tsohuwa daga gari. Ba dole ba ne ki shigar da ita ɗakinki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shirun da kika yi, domin makonni suna tafiya, malamar tana can tana tsammanin ana yin aikin. Ki rubuta mata gajeren saƙo yau: gidanmu ba ma bikin 31 ga Oktoba, muna so ki ba mu jerin abin da kike son ya koya a watan nan, ki kuma yi masa da ganye da tuffa da kayan gona maimakon fatalwa. Ba za ta yi mamaki ba. Kolombus na cikin biranen da suka fi yawan 'yan Somaliya a Amurka, makarantunku sun daɗe da sanin iyalan Musulmi, kuma akwai Kiristoci da Yahudawa da dama da su ma ba sa wannan biki.

Kuma ba alfarma kike nema ba. Dokar tarayya ta IDEA, wadda asalinta ya koma 1975, ita ta ba ɗanki wannan taimako kyauta daga shekara 3, kuma ta sanya uwa da uba cikin kwamitin da ke tsara takardar IEP, wato rubutaccen tsarin taimakon da makaranta za ta ba ɗanki. Kina da damar neman a zauna taro ba sai shekara ta zagayo ba, kuma in Turancin taron yana yi miki sauri, wajibi ne makaranta ta nemo tafinta. In kun zauna, ki tambaye su abu ɗaya: da suka gwada shi, sun ƙirga kalmomin da ya sani da Hausa? Yaro mai harshe biyu, haɗa kalmominsa na harsunan biyu ake yi a ƙirga. In yana cewa "ruwa" a gida, bai taɓa faɗin ta Turancin a aji ba, kalma ce dai a bakinsa.

To yanzu ga abin da za ki zuba a ƙwaryarki. Lokacin da suke kira faɗuwar ganye, mu kaka muke ce masa, kuma ba baƙonmu ba ne: girbi, sabon hatsi, sanyin safiya, kabewa ta nuna. Abin da suke fafewa su kunna wa kyandir, mu miyar taushe muke yi da shi. Ki sayi ƙaramar kabewa irin ta dafawa, don manyan nan na ado ruwa ne da zare, ba su da daɗi a miya. Ki shimfiɗa leda a ƙasan kicin, ki zauna, shi ma ya zauna, fuskarki daidai da tasa. Ki miƙa masa kabewar ya ɗaga, ki ce, "Kai, nauyi! Kabewa da nauyi." Ki ƙwanƙwasa ta, "ƙwan-ƙwan", ki tura masa ta gangara, ya turo miki. Ke za ki riƙe wuƙa. Kafin ki yanka ki ɗora wuƙar, ki dube shi, ki yi shiru kina ƙirgawa a zuci har goma.

Wannan shirun shi ne ya fi komai wuya, kuma shi ne ya fi komai amfani. Cibiyar Hanen da ke Toronto a Kanada, wadda tun 1975 take koya wa iyaye irin wannan aiki, ta tattara shi a abu uku: ki lura, ki jira, ki saurara. Mu iyaye mata mun saba cika wa yaro bukata kafin ya buɗe baki. Ya kalli kofi, mun zuba ruwa. To me zai sa ya wahalar da kansa? In kin jira, ya ce "yanka", ko ma "anka", ki karɓa da murna ki ƙara masa kalma ɗaya tak: "Yanka kabewa." In ya ce "yanka kabewa", ki ce, "Mama ta yanka kabewa." Kullum ki tsaya taki ɗaya a gabansa, yadda zai iya miƙo hannu ya kamo ki. Kada ki ce masa "ba haka ake faɗi ba", kada ki ce "maimaita". Ki mayar masa da kalmar daidai kawai ki wuce. Kunnensa yana ajiyewa.

Da kabewar ta buɗe, aiki ya samu. Ya sa hannu ya kwaso 'ya'yan: santsi, sanyi, yauƙi, kwaso, zuba, wanke. Ki lura kalmomin aiki sun fi yawa a nan, kuma da gangan ne. Iyaye sukan dage kan sunaye da launuka da ƙirge, ja, kore, ɗaya, biyu, alhali yaro ba ya gina jimla sai da kalmar aiki. "Ja" ba ta kai shi ko'ina, amma "ba ni", "buɗe", "zuba", "tafi", kowace ƙofa ce. Ki ajiye kwano biyu, ki ce 'ya'yan a cikin wannan, ɓawon a cikin wancan. Ki ɓoye cokali a ƙarƙashin kwano ku nema tare. Ga darasin "ciki" da "ƙarƙashi" na takardar malama ya fito ba tare da fatalwa ko ɗaya ba. 'Ya'yan kabewar dai na wasan hannu ne ba na baki ba, su da gyaɗa da gugguru, don suna shaƙe yaron da bai kai shekara 4 ba, balle ga ƙaramin yana rarrafe a wurin.

Ki ɗauki hoto uku da wayarki: kabewa ɗungurungum, kabewa a yanke, miya a kwano. Da daddare in babansu ya dawo, ko da safe in aikin dare yake yi, ku nuna masa ku ukun. Da farko mun yi kaza, sannan kaza, a ƙarshe muka ci da tuwo. Ko kalma ɗaya yaron ya saka a kowane hoto, ya ba da labari ke nan, kuma ba da labarin abin da ya wuce shi ne abin da makaranta za ta nema wurinsa nan da shekara biyu.

Waje ma haka. Kafin sanyi ya kankama, ku fita da jaka ku tsinci ganye. Ki bar shi ya ja gaba. In kurege ne ya ɗauke masa hankali, to a bar ganyen, a yi zancen kurege: ya hau, ya sauko, ya gudu, ya ɓuya, ina ya shiga? Yaro yana kama kalmar abin da idonsa ke kai, ba abin da ke kika shirya ba. Ki rage tambaya. Mu manya mun iya mayar da wasa jarrabawa, mene ne wannan, wane launi ne, guda nawa, har yaro ya gaji ya rufe baki. Ki yi bayani sau huɗu kafin ki yi tambaya ɗaya, kuma in za ki tambaya ki ba shi zaɓi a hannu: tuffa ko ayaba? Ki ɗaga kowace lokacin da kike faɗin sunanta. In kun dawo, ganyen ya shiga robar da murfinta ke da tauri, ki miƙa masa, ki jira ya nemi a buɗe.

In maigida ya samu sarari, garin Circleville yana kudu da ku, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Tun 1903 suke bajekolin kabewa a can, ana farawa Laraba ta uku ta Oktoba a gama Asabar, ba a biyan kuɗin shiga, kuma ana kawo kabewar da ta fi mutum nauyi ninkin ba ninkin. Biki ne na amfanin gona. Ku je da safe kafin cunkoso. Yaron da ya tsaya kusa da kabewar da ta fi shi tsawo ba zai sake manta kalmar "ƙato" ba.

Bikin godiya na Alhamis ta huɗu ta Nuwamba bai kamata ya dame ki ba ta fuskar takardun. Talotalo tsuntsu ne, masara da dankali abinci ne, jera faranti a kira sunan mai kowane faranti darasi ne mai kyau: na Baba, na Mama, nawa. Akwai kuma wani abu a cikin wasan Halowin ɗin da malamai ke so, wato yaro ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya gaisa, ya roƙa, ya yi godiya. Mu ma muna da gidan da ake koyon wannan. Duk wanda ya tashi a Zariya ko Kano ya san tashe, yara suna bin gida-gida da azumi daga goma ga wata. Ki yi masa naku a cikin gida ko yaushe: ki shiga ɗaki ki rufe, ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama, ki amsa, ki ce me aka kawo, ko me ake so. Sannan ku yi musaya, shi ya zama mai gida. Yara ba sa gajiya da wannan wasa, kuma maimaicin da ke gundurar babba shi ne abincin yaro irin naki.

Batun Hausa, ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa kada a daina. Ƙungiyar ASHA, wadda ita ce uwar ƙungiyar masu gyaran magana da ji a Amurka, ta bayyana ƙarara cewa tashi da harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, kuma ba a shawartar iyaye su yar da harshen gida. Yaron da ke da jinkiri zai nuna shi ko da harshe ɗaya aka tashe shi. Dubi yaran Sabon Gari ko na Zangon Kumasi, harshe uku a baki kafin su shiga firamare. In kuka koma Turanci zalla, abin da zai faru shi ne maganarku da shi ta ragu, ta bushe, ta koma umarni: zauna, ci, bari. Lallashi da zolaya da kirari duk da Hausa suke zuwa miki. Sannan ku yanke shi daga kakarsa. Abin da ya koya da Hausa, cewa abu yana da suna, cewa ana jera labari daga farko zuwa ƙarshe, da shi zai tsallaka Turanci. Ki kuma sanar da malamar cewa Hausa ba ta raba "p" da "f" yadda Turanci ke yi, ba ta da "v", ba ta da sautin nan da ake sa harshe tsakanin haƙora, don kada a rubuta masa lafazin gida a matsayin ciwo.

Maganar Hajiya ta linzami, a bar likitan yara ya ɗaga harshen ya duba, minti ɗaya ne. Amma ko da akwai shi, linzami yana iya takura motsin harshe ne, ba ya hana yaro tara kalmomi ko haɗa jimla, don haka kada a bari kowa ya kai masa aska in kun je gida hutu. Cewa babansa ma ya yi jinkiri gaskiya ce mai amfani, sai dai tana nuna akasin abin da ake nufi da ita: jinkirin magana yana bin jini, kuma yaron da ke da shi a dangi shi ya fi cancanta a tallafa masa da wuri. Hukumar CDC, mai kula da lafiyar jama'a a Amurka, tana sa ran ɗan shekara 3 baƙo ya fahimci yawancin maganarsa, ɗan shekara 4 kuma ya yi jimla mai kalma huɗu ko fiye. Naki ya wuce lokacin a zuba ido. Abin da nake so a duba da gaske shi ne kunne. In ba a yi masa cikakken gwajin ji wurin ƙwararre ba, ki nema, domin ruwa yakan taru a bayan dodon kunne bayan mura, ba zafi ba zazzaɓi, yaro ya riƙa jin magana kamar daga cikin rijiya, kuma yanzu ne lokacin murar.

Na bar maganarki ta ƙarshe zuwa yanzu don ita ta fi taɓa ni. Ko a wasiƙar nan ba ki kama sunansa ba, kuma na san dalili. An tashe mu a kan kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, wani ma kaka ce ke ɗauke shi da an yaye. Ba na raina wannan tarbiyya. Amma ki tuna gidan da aka gina ta a ciki. A gidan Zariya, in uwa ta kawar da kai, akwai kaka mai yi masa wasan miji, akwai goggo da inna, akwai 'yan mata masu goyo, akwai yara goma a tsakar gida da zaure cike da maza. Yaro yana iyo cikin magana daga asuba har a kashe fitila, kawaicin uwarsa bai rage shi da komai ba. A ɗakinku na Kolombus, in kin yi kawaici, wa ya rage? Talabijin, da jariri. Malamar tana da awa ɗaya a mako. Yaron yana farke wajen awa 80 a mako, kuma yawancinsu ke ce a gabansa. Ke ce kakar, ke ce goggon, ke ce tsakar gidan. Kunyar ta idon jama'a ce, kuma a kicin ɗinki ba idon kowa. In sunan ne ba ya fita, ki sa masa laƙabi ki riƙa kiransa da shi, amma ya zama yana da abin da yake juyowa in ya ji. In zaman "wasa" ne ke yi miki nauyi, kada ki kira shi wasa. Aiki ne kuke yi tare, wanke dankali, ninke kaya, tsince shinkafa, bakinki yana faɗin abin da hannunsa ke yi. Minti goma sau uku a yini, waya a ajiye, ya fi awa guda ta dole a ranar Asabar.

Lahadin farko ta Nuwamba za a mayar da agogo baya, magariba ta dawo wajen ƙarfe 5, dare ya yi tsawo, yara su kulle a ɗaki. A nan ne kallon talabijin da waya ke cinye gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya yana kallo a yini, kuma ko wannan ku kalla tare kuna zance a kai. Kiran bidiyo da mutum mai amsawa daban yake. Ki ba Hajiya aiki, tunda ita ma damuwa ce ta sa ta magana: ranar Asabar ko Lahadi da hantsinku, lokacin su suna yamma, ta yi masa tatsuniya ɗaya gajeriya, ita ɗin dai kowane mako, ta Gizo da Ƙoƙi ko wadda ta ga dama. Ki roƙe ta in ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku" ta dakata, ke ki amsa a makon farko da na biyu, a na uku ku yi shiru ku biyun ku dube shi.

Ki manna takarda a jikin firji, duk sabuwar kalma ko haɗin kalma da ya yi ki rubuta da kwanan wata, Hausa ko Turanci. Ki riƙa ɗaukar hotonta kina tura wa malamar duk ranar Juma'a. In an kai hutun ƙarshen Disamba takardar ba ta ƙaru ba, ko kika ga kalmomin da ya iya suna ɓacewa, ko ba ya juyowa in an kira shi, kada ki jira taron shekara: ki koma wurin likitansa ki nemi a faɗaɗa bincike, ki kuma nemi makaranta ta sake zama a kan yawan lokacin da ake ba shi. Ki sake rubuto mini bayan bikin godiyar, ina son in ji kalmar da ya fara kamawa a wurin kabewar.